Ƙarfen bai gaza ba, bulon da ke ƙasansa ne ya gaza

Shekarata 14 ina walda a Kano. Ƙofa, taga, rumfar mota, ƙafar tankin ruwa, duk na yi har ban san iyaka ba. To amma ƙarfen da zai ɗauki nauyin gini, sai bara na fara sa shi da hannuna, kuma saura ƙiris na ja wa kaina abin da ba zan iya biya ba.

Wani Alhaji ne mai sayar da katifa ya kama shaguna biyu a jere, yana so a fasa bangon tsakiya su zama ɗaya. Bangon nan shi ke riƙe da dakin, wato rufin kankare, tsawon bangon mita 5 da rabi. Birkilansa ya ce a sa ai-bim, wato dogon ƙarfen nan mai leɓe sama da ƙasa da siririn ciki a tsakiya. Aka kira ni, na ce zan iya.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na zaɓi wanda ya cika min ido, mai lamba 254x146x31. A lokacin ban san ma'anar lambar ba, daga baya aka fassara min: tsayinsa daga leɓen sama zuwa na ƙasa kusan milimita 254, faɗin leɓe 146, kowace mita kuma kilo 31. Kusan mita 6 da aka yanka min ke nan ya kai wajen kilo 180. Mu takwas muka shigar da shi shago, da cenbulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, muka ɗaga. Mun tokare dakin da itace gefe da gefe, muka rushe bangon, muka huda bangon gaba da na baya, muka zura kan ƙarfen ya hau bulo kamar inci huɗu kowane ɓangare. 'Yar tazarar da ta rage tsakanin ƙarfe da dakin, birkila ya cusa guntayen katako ya shafe da siminti. Aiki ya yi kyau a ido. Alhaji har ya ƙara min na shayi.

Kwana huɗu da cire tokara, yarona ya je ɗauko waya da muka manta. Ya kira ni: "Oga, zo ka ga wani abu, gari na zuba daga bango." Na je na tarar da garin siminti ya taru a gindin bangon baya kamar wanda gara ta tono. Na ɗaga kai, ga tsaga ta taso daga daidai ƙasan ƙarfen ta gangaro a karkace, tsinken ashana na shiga. Gabana ya faɗi. Na ce kowa ya fita, muka mayar da tokara a daren nan da fitilar waya.

Washegari Alhaji ya kawo injiniya, wani dattijo marar hayaniya. Bai yi min faɗa ba, abin da ya fi zafi ke nan. Ya ƙwanƙwasa bulon da makullin motarsa ya ce, "Malam, me ka ji?" Na ce fanko. Ya ce nauyin da dā yake bazuwa a kan bango mai mita 5 da rabi, yanzu na tattara shi na ɗora a wuri biyu, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kuma a kan bulo mai rami. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ya ja zare ya auna, lanƙwasar da ya yi ba ta kai milimita 15 da ake yarje wa irin wannan tazara ba. Mazauninsa ne ba shi da ƙwari.

Sai ya juya wurin Alhaji: "Ranka ya daɗe, akwai niyyar ɗora bene?" Alhaji ya ce in Allah ya hore. Ni ko a mafarki ban yi wannan tambayar ba. Injiniya ya ce duk ranar da niyyar ta tashi a fara nemansa, don lissafin zai canja gaba ɗaya.

Gyaran ya ci mako uku. Aka fasa bulon har ƙasa, aka tona gindi, aka zuba ginshiƙin kankare da rodi a kowane ɓangare, aka binne farantin ƙarfe a samansa, ƙarfen ya zauna a kai inci shida aka ɗaure da noti. Katakon birkila aka zare shi duka, domin katako yana bushewa ya motse, aka maye gurbinsa da siraran ƙarafa da siminti mai tauri. Rabin kuɗin aikina ya tafi a nan, kuma ban yi gardama ba.

Akwai abu guda da na kusa ƙarawa a kan laifina. Mai wayarin ya nemi in huda masa leɓen ƙasa ya wuce da waya, har na ɗauko inji. Injiniya ya riƙe hannuna. Ya ɗauki rular roba ya lanƙwasa ta a gabana, ya ce in ƙarfe ya ɗauki kaya leɓen sama matsewa yake, na ƙasa kuma ja, tsakiyar ciki ce kawai ke hutawa. In huda ta zama dole, ƙarama ce, a tsakiyar ciki, nesa da inda ya hau ginshiƙi. Ya kuma kwantar da rular, ta lanƙwashe nan take, ya tsayar da ita a gefenta ta ƙi. Nan na tuna kakana yana cewa azarar giginya ba ta tsallake ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa magina na dā suke ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, a soro. Ashe su ma lissafin suke yi, ba su dai rubuta ba.

Da zai tafi ya dubi tulin katifu ya ce a lulluɓe ƙarfen bayan an shafa jan fenti, saboda ƙarfe ba ya kamawa da wuta amma in zafi ya kai wajen digiri 600 sai ya rasa kusan rabin ƙarfinsa ya yi laushi. Alhaji ya ɗan yi ƙorafin kuɗi, ya dai yi.

Watan jiya wani ya kira ni irin wannan aikin a Kurna. Na ce ya fara kawo min takardar injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Ya ce ai wani ya yi masa alkawarin gamawa cikin kwana biyu ba takarda. Bai sake kira ba.