Kafin ku sa farar rigar kariya

Ƙannena masu karatun kimiyya a Zariya da nan cikin Kaduna, kun sha tambayata yadda ake shiga binciken ƙwayoyin cuta irin su Lassa da Ebola. Ku fara da koyon rubuta lamba a jikin kwalbar jini.

Ina sabon shiga, hankalina na kan na'urar PCR mai gano ƙwayar cuta a cikin jini, cike fom da manna lamba kuwa na ɗauke su aikin yara. Wata rana na rubuta lambobi a kan murafen kwalabe da alƙalamin da ba ya jure sifirit. Ana goge kwalaben, rubutu ya wanke. Ga jini, ba a san na wa ba ne. Dole aka koma ƙauye ana ba mutane haƙuri su sake miƙo hannu. Wani dattijo ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna min inda na huda shi jiya, ya ce, "Yaro, jinin nawa sayarwa kuke yi?" Wasu ko fitowa ba su yi ba. Don haka da alƙalami mai jure sifirit ake rubuta lamba, kuma a jikin kwalba ake sa ta, don murfi yana musanyuwa.

Sai sanyi. Kun dai san halin wutarmu. Samfurin da ya sha zafi yana iya nuna babu cuta alhali tana nan, ga shi maganin ribavirin da ake ba mai Lassa ya fi aiki idan an fara da wuri. Kada ku fita ɗauko jini ba ƙanƙara a akwati.

Rigar kariyar da kuke sha'awa kuma, wajen cire ta aka fi kamuwa: an gaji, gumi ya jiƙa mutum, hannu ya kai ga fuska. Ku sa abokin aiki ya tsaya yana kallonku, waya kuma ta kwana a waje.

Kada ku raina ɓangaren dabbobi. Ɓera ke ɗauke da Lassa, wadda aka gano a 1969 a garin Lassa na Borno. Murar tsuntsaye ta H5N1 kuwa a wata gonar kaji a Jaji aka fara tabbatar da ita a Afirka, a Fabrairun 2006. In za ku nemi gurbin koyon aiki, ku gwada cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ko asibitin Irrua a Edo, ko cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun. Ko wankin kwalba aka ba ku, ku karɓa.