Godiya ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Gyaran Tsohon Zauren Unguwarmu

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Kwamitin gyaran tsohon zauren unguwarmu, a nan cikin birnin Kano, yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala. An cire tokara, an kwashe ragowar ƙasa daga kan hanya, almajirai sun koma karatunsu a ciki. Alhamdu lillahi, an fara lafiya an gama lafiya, ko ƙwarzane babu wanda ya samu, alhali an daɗe ana aiki a ƙarƙashin rufin da ya riga ya fara saki. Saƙon zai ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri. Wasu unguwannin sun aiko suna tambayar yadda aka yi, shi ya sa muka haɗa godiyar da bayanin.

Godiya ta farko ga iyayenmu: Mai Unguwa, Malam Liman da magadan gidan. Kafin a zo maganar kuɗi, abin da ke fara tare hanya shi ne takardar amincewar masu gini. Gidauniya mai ba da tallafin gyara ba ta sakin ko kwabo sai ta ga a rubuce cewa masu wurin sun yarda, kuma ba za a rushe shi a yi shaguna ba bayan an gyara. Gidan gado kuwa kun sani, wani magajin yana Legas, wata tana aure a Maraɗi, wani ma bai san yana da kaso ba. Dattawan nan su suka bi kowa har aka sa hannu. Allah Ya ƙara girma.

Mutane da yawa sun tsaya suna tambayar abin da ya tsaga bangon gabas. Ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Ta sama, indararo ya toshe da ganye da leda da kashin tattabaru, ruwa ya riƙa kwanciya a bayan rawani, wato gajeren bangon da ya zagaye saman rufi, yana tsatsafowa har ya iske bakin azara. Ta ƙasa kuma, duk gyaran hanya sai titi ya ƙara tudu, har daɓen zauren ya koma kwari, ruwan damina ya riƙa tsayawa a gindin bango. Ginin ƙasa yana tsotsar ruwa ya hau da shi sama, idan ya bushe ya bar gishiri. Wannan farin garin da ake gani shi ke rugurguza fuskar bango daga ƙasa zuwa daidai gwiwa. Abu na uku shi ya fi ɓarna: filastar siminti da aka yi wa bangon shekarun baya, da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya kama jikin ƙasa. Zafin rana da sanyin hunturu suna motsa su dabam-dabam, sai filastar ta rabu da bango ta bar rata, ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasa ta zama taɓo, gara ta samu masauki. Duk mai irin wannan bango ya ƙwanƙwasa shi da bayan hannu. Idan ya ji yana amsawa kamar ganga, akwai rami a baya.

Sai dattawan magina, waɗanda yabonsu ya zama dole. Wasunsu sun daina hawa tsani, amma daga inuwa suke kallon kwaɓi su ce bai nuna ba, a taɓa kuma a iske gaskiyarsu. Abin da suka fara sa wa a yi shi ne tokare kowane bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, daga ciki, kowace tokara a kan faffaɗan katako don kada ta nutse cikin daɓe. Daga nan aka ɓamɓare simintin da ƙaramar guduma, a hankali, aka bar bangon ya sha iska ya bushe kafin a ɗora masa komai.

Gyaran gindin bango shi ne wurin da ake asarar gini, wani lokacin har da rai. Ba a haƙe shi gaba ɗaya. Ana ɗaukar tsawon ƙafa 3, a kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa har a iske mai ƙarfi, a jera dutse a ƙasa, a ɗora sabon tubali. Sai a tsallake ƙafa 3 na kusa da shi, a kama na gaba. Sai waɗanda aka cike sun bushe sun ɗauki nauyi ake dawowa kan waɗanda aka tsallake. Tubalin kansa da hannu ake mulmula shi, gindi faɗi kai tsini, a shanya shi wajen mako 2. Wajen jerawa tsinin ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓi, kuma ba a ɗora fiye da sahu 2 ko 3 kafin a bari na ƙasa ya sha iska. In aka yi gaggawa, bangon zai yi ciki ya turo waje.

Samun ƙasar ma aiki ne. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni a da, wasu an cike su an yi gini, wasu sun zama juji, ƙasarsu duk leda da fasassun kwalabe. Don haka ƙasar da ta zubo daga tsohon bangon aka fara tattarawa aka tankaɗe, ban da ta gindi mai gishiri, wadda aka kai nesa aka zubar. Ƙarin birji daga bayan gari aka kawo shi. Muna godiya ga masu tifa da suka rage mana kuɗin dako, da masu kura da suka riƙa shigo da ita lungu inda mota ba ta shiga. Masu dawakin hawan sallah su suka ba mu kashin doki daga bargarsu kyauta.

Matasan unguwa, musamman 'yan ƙwallo, su suka yi kwaɓi, kuma shi ne aikin da ya fi cin jiki. Ana jiƙa ƙasa, a zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a tattaka da ƙafa, a tara a bar ta ta kwana. Gobe a ƙara ruwa a sake tattakawa, haka har wajen mako guda, sai ta tsima ta yi danƙo ta fara wari. Maƙwabtan da suka jure warin, mun gode. Kafin a yaɓa wa bango, sai an gwada a wurare kaɗan masu faɗin faranti a bari su bushe. Wanda ya tsattsage da yawa, laka ta yi masa yawa, a ƙara yashi da ciyawa. Wanda aka goga da hannu ya zube, yashi ne ya yi yawa. Yaɓen kuma shafi biyu marasa kauri ake yi, da safe ko da la'asar, domin rana tsaka da iskar hunturu suna busar da fuskarsa tun cikinsa na ɗanye, ya tsage.

A rufi, matsalar azara ita ce ba ta ruɓewa a inda ido ke gani. Tsakiyarta tana nan baƙa ƙirin, amma bakin da ke cikin bango ya zama gari. Da ƙusa ake gwadawa: inda ta shige babu gardama, wannan azarar ta gama aiki. Ɗaya bayan ɗaya aka canja su da ta giginya namiji, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar rufin ƙasa a faɗin da ya wuce ƙafa 6, shi ya sa magabata suka yi wa ɗaki mai faɗi bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan da suka gitta juna a tsakiyar rufi, kuma shi ya sa ba a yarda kowa ya taɓa su ba sai dattawan. An kuma kankare tulin ƙasar da aka yi ta laftawa a saman rufin shekara da shekaru. Mutane suna ganin ƙara ƙasa duk damina kariya ce, alhali nauyi ake ƙara wa azarar da ta tsufa. Ko a babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, inda duk shekara gari ke fitowa yaɓe, da Gidauniyar Aga Khan ta zo gyara sai da aka sauke ƙasar da ta taru a rufin. Bayan an shimfiɗa sabon asabari, aka zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, da gangare zuwa bakin indararo.

Laso shi ke hana ruwa shiga, kuma masu sanin haɗinsa sun yi ƙaranci. Katsi ne, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, a busar a ƙona a daka. Sai gashin jima da ake kankarowa daga fata, da ruwan saiwar dafara da aka daka aka jiƙa har ya yi yauƙi. Marina da majema sun tara mana nasu ba su karɓi komai ba, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Da shi aka shafe rufi da rawani da zankwaye. Iyayenmu mata kuma su suka aika ƙauye aka tattaro ɓawon ɗorawa, suka daka suka jiƙa makuba, wadda aka kwaɓa yaɓen waje da ita, ga abincin ma'aikata da ba su fasa ba ko rana ɗaya. Indararon da aka sa yanzu ya fito wajen ƙafa 2 daga jikin bango, an jera duwatsu inda ruwansa ke sauka, an kuma yi magudana mai kai ruwa kwata.

Ɗaliban zanen gine-gine da malaminsu sun auna zauren lungu da saƙo, sun ɗauki hoton dagin da ke goshin ƙofa sun kwafe shi a takarda kafin a taɓa shi. Da wannan aka mayar da adon yadda yake, da shi kuma aka cike takardar neman tallafi.

Gidauniyar da ta ba da tallafin, sunanta na kan allon da ke ƙofar zaure, muna godiya ƙwarai. Ga masu shirin nema: irin waɗannan asusun suna nan, har da na jakadun Amurka na adana kayan tarihi da aka fara a 2001, amma kusan duk sharuɗɗansu iri ɗaya ne. Suna son hoto kafin aiki da bayansa, da awon gini, da ƙiyasin kuɗi dalla-dalla, da asusun banki na musamman mai sa hannun mutum fiye da ɗaya. Kashi-kashi suke sakin kuɗi, sai an kawo lissafin na farko a ga na biyu. Mai kura da magini ba su da rasit, don haka a buɗe littafi, duk wanda aka biya ya sa hannu ko ya dangwala. A rubuta sunan duk wanda ya zo gayya da ranar da ya zo, domin ana lissafa shi a matsayin gudummawar al'umma. A bar rara a ƙiyasi, tunda farashin azara da dako ba ya jiran amsar takarda. A kuma nemi kuɗin ya faɗo a farkon rani, don in ya zo a Yuli sai dai a rufe bango da tamfol a jira. Ginin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, irin Gidan Makama da ganuwa, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, ba a taɓa shi sai da izininta. Namu ba ya cikin jerin, amma shawarar masana ta yi mana amfani.

Abin da ya faru a Zariya ranar 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani sashe na babban masallacin Juma'a ya rufta kan masallata, shi ya sa mutane da yawa suka daina raina tsaga a bango. Ginin shahararren magini Babban Gwani ne tun shekarun 1830, wanda babu kamarsa a ƙasar Hausa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ganuwar Kano ma, da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, tana jerin masu jiran shiga kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2007, amma kowa yana ganin yadda damina da masu ɗibar ƙasa ke cin ta. A ganinmu tallafi na babban gyara ne, wanda ake yi sau ɗaya. Laso mai kyau yakan kai shekara 5, yaɓen makuba kuwa yana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu, kuma babu gidauniyar da za ta riƙa dawowa don wannan.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da gayya biyu a shekara. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, za a hau a share indararo, a toshe tsagar laso, a yashe magudana. Bayan ɗaukewar ruwa, a watan Nuwamba, za a duba gindin bango a yi yaɓen inda ya zaizaye. An yi wa tsohuwar tsagar alama da kwanan wata a gefe da gefe, duk wanda ya ga ta ƙara buɗewa ya sanar da Mai Unguwa nan take. Muna roƙon kada a buga ƙusa ko a manna fosta a bangon, kada a zubar da ruwan wanki a gindinsa, kada a ɗaure awaki a jikinsa, don suna lasar gishirin suna goga jiki har su yi rami. Littafin lissafin kuɗi yana wajen Mai Unguwa, ga duk mai son dubawa.

Wanda ya ba da kuɗi, da wanda ya ba da ƙarfinsa, da wanda ya yi addu'a daga nesa, da wanda muka manta ba mu ambata ba, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan magabatan da suka gina wannan zaure.

Kwamitin Gyaran Zaure