Malam ya wasa hauya

Juma'a, Maraɗi.

Ruwan shuka ya sauka daren jiya. Da aka yi tsawar farko Gwaggo ta zabura, ta sungumi jikanta ta nufi ƙofar gida, ba takalmi ba mayafi, sai a zaure na tare ta. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Au, ɗiyata, hadari ne?" Na ce hadari ne Gwaggo, koma ki kwanta. Har aka kira assalatu ina jin tarinta.

Gwaggo ƙanwar babana ce, aure ya kai ta wani ƙauye a ƙasar Sabon Birni, jihar Sakkwato. A wurinmu wannan ba auren nesa ba ne, Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri tushensu ɗaya, iyaka ce kawai ta ratsa tsakani. Tun 2019 mutanen yankin suke kwararowa jihar Maraɗi, mafi yawa wajen Gidan Rumji, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su Gwaggo sun daure, suna biyan harajin da ɓarayin daji ke ɗora wa ƙauyuka kafin a shiga gona, har ranar da aka ɗauke ɗanta daga bakin aiki. An sayar da shanu an kai kuɗi. Ba a sako shi ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Daga nan suka taso, ita da mijinta Malam da surukarta da yaron, suka sauka ɗakinmu na baya.

Da gari ya waye yaron ya jiƙa tabarma, kamar yadda ya saba in dare ya yi hayaniya. Shekararsa bakwai. Uwarsa ta ɗaga hannu, na riƙe ta na ce, "Yi haƙuri, ba da gangan yake yi ba." Ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Ban ga laifinta sosai ba. Mace ce da ba ta san matsayinta ba: ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji a gabanta, kowace waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Shi kuwa yaron ƙarar babur ce ke sa shi shigewa ƙarƙashin gado, don a kan babura aka zo musu. To a Maraɗi ina za ka ɓoye wa kabu-kabu?

Da hantsi na kai Gwaggo likita. Ƙorafinta bai canza ba: ciwon kai, zafi a ƙirji, gaɓoɓi duk a mace. An auna jini, babu zazzaɓin cizon sauro, amma hawan jini ya ɗan yi sama. Ma'aikaciyar jinyar da muka tarar yau ba mai gaggawa ba ce. Ta ajiye biro ta ce, "Inna, kina samun barci kuwa?" Shi ke nan, hawaye suka ɓalle. Da ta fara bayani Gwaggo ta katse ta, "Ni fa ba taɓin hankali gare ni ba." Ta ce ai ba wanda ya ce haka. Wanda ya daɗe cikin tsoro, jikinsa kan ci gaba da gadi ko bayan ya tsira, zuciya na bugu, barci na gudu, shi ya sa gwaji ba ya nuna komai amma ciwon na gaske ne. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum 1 cikin 5 a wuraren da rikici ya shafa na fama da irin wannan, daga damuwa mai sauƙi har mai tsanani. Ta hana mu sayen ƙwayar barci wurin masu tallar magani. Game da yaron ta ce kada a doke shi, kada a yi masa dariya, kada kuma a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani, a dai sa shi cikin yara.

Maƙwabciyarmu ta dage iska ce, a kai su a yi hayaƙi. Addu'a kam muna yi, Gwaggo ma ta fi samun natsuwa in ana karatu kusa da ita. Amma ba zan yarda a kulle ta a ɗaki ana yi mata tsawa ba, tsawar da ta sha ta isa.

Wanda ya tsaya min a rai yau shi ne Malam. Da muka dawo na tarar da shi gindin bedi yana wasa tsohuwar hauyar da ya zo da ita. Ya wasa, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya jingine ta da bango, ya zauna. Mutumin da rumbunansa ke kai gidansa wata damina har a ba maƙwabta, yau ƙasa ta jiƙa ba shi da inda zai sara. Tunda suka zo ba wanda ya ce a kai shi likita, saboda ba ya kuka, ba ya firgita a gaban mutane. Loma kaɗan yake yi ya ture kwano, kuma na san ba ƙoshi ba ne, nauyin cin abincin wani yake ji. Yini yake da rediyo a kunne yana jiran a ambaci sunan ƙauyensu. Ya taɓa ce min tun da aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Bawa, a hannun masu garkuwa a Agustan 2024 ya cire rai da komawa. "In sarki bai tsira ba, ɗiyata, wane ne talaka?" A ganina duk ɗakin nan shi ya fi jin jiki, sai dai nasa ciwon ba ya damun barcin kowa, shi ya sa muka bar shi da shi.

Bayan isha na tayar wa maigida da maganar. Yana da aboki mai gona kan hanyar Tsibiri da ba ya nome ta duka. Ya yi gunagunin kuɗin iri da na mota, da gaskiyarsa, abubuwa sun yi tsada. Daga baya ya buga waya, abokin ya amince da aro na damina ɗaya. Da aka gaya wa Malam bai yi godiya ba tukuna, tambaya ya shiga jerowa: jigawa ce ko fadama, me aka shuka bara, an zuba taki, akwai ƙuduji? Gobe da sassafe za su je ya gani da idonsa. Ni kuma zan kai yaron makarantar allo ta bayan gida kafin a buɗe lakwal a Oktoba, in biya kasuwa in sayo ledar shimfiɗa.