Mafarkin Bellamy da Baran Gidan da Aka Bari Cikin Gobara

A shekarar 1888 wani marubucin Amurka mai suna Edward Bellamy ya fitar da littafin Looking Backward, wanda ya samu karɓuwar da ba kasafai ake ganin irinta ba, har mutane suka riƙa kafa ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban domin tabbatar da abin da ke cikinsa. Labarin wani matashi ne ɗan masu kuɗi a birnin Boston, Julian West, wanda ya kwanta barci a 1887 bai farka ba sai a shekarar 2000, ya tarar ƙasar ta zama wata aljannar duniya: gwamnati ce ke riƙe da dukkan masana'antu, kowa yana aiki daga shekara 21 zuwa 45, kowa kuma yana karɓar rabo daidai da na ɗan'uwansa, babu mai kuɗin da zai sayi ɗan majalisa domin kuɗin ma an daina amfani da su.

Wanda ya san halin da Amurka ke ciki a lokacin ba zai yi mamakin wannan mafarki ba. Shekaru 15 kafin nan, a 1873, Mark Twain da Charles Dudley Warner sun rubuta The Gilded Age, inda suka fallasa yadda ake cinikin ƙuri'a a majalisar dokoki ta Washington kamar ana cinikin shanu a kara. Abin da ya fi jan hankalina a littafin shi ne dabarar Sanata Dilworthy, mutumin da bakinsa ba ya rabuwa da ambaton addini. Ya kawo ƙudurin kafa jami'ar koyon sana'a da sunan taimakon bayin da aka 'yanta, alhali ainihin manufar ita ce gwamnati ta sayi wani fili a Tennessee da tsada, a raba ribar. Baƙar fata a nan hujja ce kawai ta cin kuɗin jama'a, kuma marubutan sun nuna hakan ba tare da rufa-rufa ba.

To, ina baƙar fata a cikin aljannar Bellamy? Mutum ɗaya ne mai karatu zai iya tunawa, wato Sawyer, baran gidan Julian West. Julian yana fama da rashin barci, don haka yakan kwana a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa bayan an sa shi barci da dabarar juya hankali, Sawyer kuma shi ne aka koya wa yadda zai tashe shi da safe. A daren nan gidan ya kama da wuta, aka ɗauka Sawyer ya mutu a cikinta, shi ya sa babu wanda ya tashi maigidan. Ma'ana dai, mutuwar baran ce ta buɗe wa Julian ƙofar sabuwar duniya, daga nan kuma littafin ya ci gaba da bayanin shagunan gwamnati da ɗakunan cin abinci na jama'a, bai tsaya ya faɗi makomar miliyoyin mutanen da aka 'yanta a 1865 ba. A ganina wannan shiru ya fi duk wani kuskuren lissafin tattalin arziki da ake zargin littafin da shi nauyi.

Bellamy ya dawo kan batun a littafinsa na biyu, Equality, a 1897, sai dai amsar ba ta yi daɗi ba. Ya ba kowa rabon arziki daidai, amma ya bar farare da baƙaƙe a rabe wajen zamantakewa, ya kuma nuna cewa tsoffin bayi sun fi kowa buƙatar horon rundunar ma'aikata, wato tsarin aikin gwamnati da kowa ke shiga. Shekara guda kafin haka Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy da Ferguson, kuma da wuya mutum ya ga inda mafarkin ya sha bamban da hukuncin. Upton Sinclair ma, wanda littafinsa The Jungle na 1906 ya sa aka yi dokar duba nama, ya kwatanta baƙaƙen da aka kawo Chicago domin karya yajin aiki da kalamai na ƙasƙanci.

Waɗanda aka bari a waje sun rubuta nasu. A 1899 Sutton Griggs, wani fasto ɗan Texas, ya buga Imperium in Imperio da kuɗin aljihunsa, ya riƙa tallarsa gida-gida. A cikinsa baƙaƙen Amurka sun kafa gwamnatin sirri a garin Waco na jihar Texas, da majalisarsu da shugabansu, saboda sun fid da rai da samun adalci daga Washington. Griggs bai yi musu zanen aljanna ba. Abokai biyu ne suka saɓa: Bernard Belgrave yana son a ƙwace Texas da ƙarfin makami, Belton Piedmont kuma yana son a fara gwada lallashi da hujja. A ƙarshe ƙungiyar ta bi Bernard, aka yanke wa Belton hukuncin kisa, sannan ɗaya daga cikin waɗanda suka harbe shi ya tona asirin ƙungiyar domin ya hana yaƙi.