Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda na bar kwalta na faɗa hanyoyin gona

Jama'a barkanmu da wannan makon. Wancan satin mun tsaya a inda na lallaɓa na sayi keken nan mai ƙatuwar taya wanda aka ƙera don hawan dutse, to yau daga nan zan ɗora, masu cewa ina jan labari kuma ku yi haƙuri dan Allah, haka bakina yake.

Abinda da yawa ba su sani ba shi ne, yawancinmu masu irin wannan keken ba mu da wani dutse a kusa da mu, suna ne kawai. Abinda muke da shi gonaki ne, da hanyar tarakta, da burtali, da 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa tsakanin gonar wane da ta wane. Kuma ni dai a nan na koyi keke na gaske, don kwalta ba ta koya maka komai sai taka feda.

Da farko har ina jin kamar ina yi wa keken rashin adalci, sai da na bi asalin wasan na ga ai su ma waɗanda suka ƙirƙiro shi hanyar aikin wasu suka ara. Wasu samari ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, suke kwaso tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi su gangaro da su ta hanyar ƙasa da aka share saboda motocin kashe gobarar daji. A watan Oktoba na 1976 suka yi tserensu na farko a wata gangara, birkin baya ya dinga ɗaukar zafi har giris ɗin ciki ya ƙone sai an kwance an cusa sabo. A 1977 ɗaya daga cikinsu mai suna Joe Breeze ya ƙera firam musamman don wannan hawan, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da irin wannan keken mai suna Stumpjumper kowa ya iya saya a shago, kafin ka ce me a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Tun daga ranar na daina jin kunyar burtalina.

Amma fa hanyar gona tana da wani hali da sai wanda ya daɗe a cikinta yake ganewa, ba ta zama yadda ka barta. Za ka buɗe taswira a waya ka ga layi ya miƙe ɗoɗar, ka taka ka je wurin ka tarar an bi ta kansa da garma an yi kunya, shikenan babu hanya sai bayan girbi. Wata kuma da ka sani a matsayin rairayi mai cinye taya, ruwa ɗaya zai sauka ta daddale ta koma mafi daɗin hanya a yankin gaba ɗaya. Ni har na daina tambayar ina hanyar take, na koma tambayar me aka shuka bana kuma yaushe aka yi ruwa na ƙarshe.

Bari in tsaya a kan yumɓu, don shi ne babban malamina. Ƙasa mai yumɓu idan ta sha ruwa ta fara tsanewa, daga nesa lafiya lau take, har sheƙi take yi. Kana shiga, zagayen farko taya ta ɗauki ɗan kaɗan, na biyu ta ɗora wani a kai, haƙoran tayar su cike su shafe, sai ta fara kwaso ciyawa da tsakuwa tana haɗawa, can sai ka ji feda ta yi tauri, ka duba ka ga laka ta toshe tsakanin taya da firam babu ko wurin shigar yatsa, tayar ta daina juyawa kwata-kwata. Turawa ma ba ya yiwuwa, sai dai ka saɓa shi a kafaɗa, keken da kake ɗagawa da hannu ɗaya ya koma kamar an ɗaura masa buhun siminti. Kuma idan ka ce ƙarfi za ka nuna masa ka danna feda, ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya shi zai fara lanƙwashewa ko ya ɓalle. Maganin dai ɗan itace ne, ka tsuguna ka yi ta sakace laka, ka koma gefen da ciyawa take ka bi ta nan.

Sai sawun tarakta. Idan ya bushe ramuka biyu ne dogaye da ɗan tudu a tsakiya, kuma ramin yana da zurfin da feda za ta daki gefensa ta wurga ka. Tudun tsakiyar ake bi, ido a can gaba ba a kan tayar gaba ba, saboda inda ka kalla nan keke yake zuwa, wanda ya ƙura wa rami ido ramin zai faɗa. In kuwa ka riga ka faɗa, kar ka yi kokawar fita, ka saki jiki ka bi shi har inda ya yi sauƙi. Iskar taya ma na rage, masu keken kwalta suna bugawa har 80 zuwa 100 a ma'aunin PSI, mu kuwa tsakanin 20 da 30 ya isa, taya ta ɗan kwanta ta kama ƙasa. Ƙaya kuwa ta sha sa ni zaman faci a gindin bishiya, sai da na koma tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai kauri a ciki yana toshe ƙaramin huji kana cikin tafiya, sannan na huta.

Shanu ba na wasa da su, musamman mai ɗan maraƙi. Sauka nake yi in sa keken tsakanina da su, ina magana a hankali don su san mutum ne, in wuce ta nesa. Kare kuma gudu yake so, ka tsaya sai ya rasa abin yi.

To a irin wannan yawon ne wata rana da hantsi na iso bakin wata gonar masara, wani dattijo ya fito daga cikin shuka ya tsaya a tsakiyar hanya da fartanya a kafaɗa, fuskar nan a murtuke. Na sauka na cire hular kwano na ce Baba sannu da aiki. Bai amsa ba sai da ya nuna min ƙasa da bakin fartanyar, ga sawun tayoyi nan wajen guda uku sun yanke kwana ta cikin gonar, sun kwantar da layin masara da ba ta kai gwiwa ba, sun kuma bi ta kan tiyon ban ruwa sun fasa shi a mahaɗa.

Ya ce, "Yaro, ku ne ko?"

Na ce wallahi Baba yau na fara biyowa nan, ga tayata ga sawun a gwada. Ya sunkuya da gaske ya duba zanen tayar, ya duba sawun, ya girgiza kai. Ya ce shi ba hawan keke ne ya dame shi ba, hanya ta kowa ce, amma taku goma da mutum ya ƙi zagayawa shi aikin sati ne a wurinsa.

Gaskiya maganarsa ko a ƙasashen da suka rubuta abin a doka haka take. A Ingila tun 1968 aka yarda keke ya bi hanyar dawaki da ta ratsa gonaki amma dole ya kauce wa mai tafiya a ƙasa da mai doki, a Sikotilan kuma dokar 2003 ta buɗe wa mutane fili sosai, duk da haka ta cire inda aka yi shuka, gefen gona kawai aka bar maka. Ni a ganina masu yanke kwanar nan su ne ke jawo a rufe wa kowa hanya, ba manomi ba.

Na jingine keken na riƙe masa tiyon ya naɗe shi da robar tsohon tub da na ciro daga jakata, muna yi yana tambayata wai me ya sa keke ɗaya yake da giya har goma sha biyu. Da muka gama ya ce in bar hanyar da wayata ke nunawa, an shuke ta tun farkon damina, in bi ta bayan rumbunsa in kama gefen magudanar ruwa, akwai gangara mai tsawo da za ta kai ni har gada, amma in rufe masa ƙyauren shinge in na wuce saboda awaki.

Wannan gangarar babu ta a kowace taswira, kuma a ƙarshenta ne na haɗu da mutanen da suka ja ni cikin tseren farko da na taɓa shiga. Wannan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.