Abin da masu kallo suka koya mini game da kanun yaudara a YouTube

Ina da ƙaramar tasha a YouTube inda nake ɗora bidiyoyi kan tarihin Sakkwato da sana'o'inta. Tun 2018 sharaɗin fara samun kuɗin talla shi ne mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma wannan ne ke ingiza yawancinmu ga rubuta kanun da ya fi ƙarfin abin da ke cikin bidiyon. Ni ma na gwada. Na yi bidiyo kan Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, na sa masa suna "Sirrin da aka ɓoye a Hubbare", alhali bayani ne kan yadda maziyarta ke shiga da ladubban wurin.

Mutane sun danna sosai, amma alƙaluman YouTube Studio, shafin da mai tasha ke duba yadda ake kallon bidiyoyinsa, sun nuna cewa akasarinsu sun fice tun kafin a cika minti ɗaya. Daga nan bidiyon ya daina yaɗuwa, domin tun 2012 kamfanin ya fi ba da muhimmanci ga tsawon lokacin da aka kalla a kan yawan dannawa.

Abin da alƙaluma ba su nuna ba, a majalisa na ji shi. Wani kawuna, tsohon malamin makaranta, ya ce mini: "Ɗana, wanga sirri da ka faɗa, ina shi? Ka dai canye muna data." Na lura cewa ba ƙawata kanun ne ya ɓata masa rai ba, tunda ko ɗan kasuwa yakan koɗa hajarsa, alkawarin da aka yi ba a cika ba ne ya dame shi. Mai kallo a nan yana sayen data ne da kuɗin da zai iya yin cefane da su, kuma ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025 ya ƙara tsananta wannan ƙorafi.

Wanda mutane suka fi tsana, kamar yadda kusan duk wanda na tattauna da shi ya faɗa, shi ne kanun da ke farawa da "Innalillahi" tare da hoton wani malami ko jarumin fim da yake raye lafiya lau. Wata dattijuwa a unguwarmu sai da ta fara kiran 'yan uwa kafin ta gane ƙarya ce. Masu wannan hali suna cin moriyar ɓoye adadin alamar rashin so da YouTube ya yi a 2021, domin sabon mai kallo ba ya ganin gargaɗin waɗanda suka riga shi. A Disambar 2024 kamfanin ya sanar da fara cire irin waɗannan bidiyoyi, musamman na labarai, ya kuma soma da Indiya.

Yanzu ba na rubuta kanu sai na gama tace bidiyo, kuma abin da na ambata a kanun ina nuna shi tun a daƙiƙoƙin farko. Bidiyon da na sa wa "Yadda majema ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa" bai samu rububin dannawa ba, amma waɗanda suka shiga sun kalla har ƙarshe, kuma har yanzu YouTube yana kai shi gaban sababbin masu kallo.