Bakin tulun da na zubar a Ɗan Marna

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan damina ne, ciyawa ta rufe wani tsohon ɓangare na maƙabartar Ɗan Marna a Katsina, inda kakanninmu suke kwance, sai na tara samarin unguwa muka yi gayya. Lauje, manjagara, baro, kowa ya kawo abin da yake da shi. Kafin azahar wuri ya yi fes.

Kuskuren daga bakina ya fito. Na ce duk tarkacen da aka gani a kwashe: fasassun tukwane, guntayen duwatsu, tsofaffin kwanoni, sandunan da gara ta ci. Baro huɗu muka cika muka zubar. Ban tambayi masu haƙa kabari ba, alhali suna zaune a inuwa can ɗaya gefen. Taku kaɗan ne tsakaninmu!

Ranar Juma'a wani dattijo ya zo ziyara. Na same shi yana ta kewaye wuri ɗaya da sandarsa. Ya ce, "Yaro, akwai bakin tulu a nan, da shi nake gane kabarin mahaifiyata." Na ce, "Baba, ni na sa aka kwashe." Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce Allah ya sa da kyakkyawar niyya na yi. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Hubbaren Wali Ɗan Marna, wato Muhammad Ibn al-Sabbagh, malamin nan na ƙarni na 17, ba ya ɓacewa kowa. Haka kabarin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka binne a nan ranar 6 ga Mayu 2010. Amma talaka fa? Kabarinmu ba a gina shi, ba a cika rubuta suna ba, 'yan damuna kaɗan tudun ya baje. Abin da na kira shara shi ne kaɗai shaidar da iyalai suka bari.

Daga baya masu haƙa suka ƙara nuna mini wata ɓarnar: inda yara suka tuge ciyawa da saiwarta, ƙasa ta saki, ruwan farko zai iya rufta kabari. Yanka ake yi da lauje, a bar saiwa ta riƙe ƙasa. Wuta kuwa kada ma a fara. Wanda zai yi irin wannan aiki, don Allah ya sa tsohon mai haƙa a gaba, kada a ɗaga ko tsakuwa sai ya ce a ɗaga.

Kwana biyu muna tonon jujin nan. Mun samo bakin tulu har uku, Baba ya juya su a hannu ya zaɓi ɗaya. Wani tsoho cikin masu haƙa ya auna taku daga gindin bishiya ya ce nan ne, in sha Allahu. Nan muka ajiye shi, Baba ya tsuguna ya yi addu'a, ni kuwa na kasa ɗaga kai.